Sikirif ya ce an ajiye, tebur kuma wayam: yadda ake bin sawun layin da ya ɓata

A wani shagon kargo da ke wajen Bab Sharif a Jidda, inda 'yan uwa ke kawo kwalaye da jakunkuna a tura musu Kano, na taɓa ɓata yammaci guda ina cigiyar layuka arba'in da suka yi layar zana. Mai shagon kawuna ne. Yaron da ke masa lissafi ya rubuta ɗan sikirif, wato gajeren shirin kwamfuta, da yaren Python, yana kwashe bayanan masu kaya daga Excel yana zubawa cikin MySQL, manhajar rumbun bayanai mai ajiye bayani layi-layi a tebur: suna, lambar igama (katin izinin zama a Saudiyya), lambar waya, nauyin kaya, ranar karɓa. Sikirif yana gudu lafiya lau, har ya rubuta "an ajiye" a ƙarshe. Ka buɗe tebur, babu ko ɗaya daga cikin sabbin layukan. Bayan la'asar Kawu ya kira ni: "Ɗana, zo ka duba mana. Na'urar nan ta ba da rasit, amma kaya ba su shiga sito ba."

Kawu bai san mene ne rumbun bayanai ba, amma ya faɗi hanyar gyaran. Layin da aka tura rumbu kamar kwali ne. Ko dai bai bar shago ba, ko an kai shi wani sito daban, ko mai sito ya ƙi karɓa, ko kuwa ya karɓa amma ba a sallama cinikin ba. Kowanne yana da alamarsa. Don haka kafin ka fara sauya rubutun sikirif kan mai uwa da wabi, bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: cire hannun da ya toshe bakin kuskure

Rumbun bayanai ba ya ƙin abu a ɓoye. Idan ya ƙi, yana faɗin dalili, har da lamba. Mu ne muke toshe masa baki. Nemi irin wannan a cikin sikirif ɗinka:

```
try:
    cur.execute(sql, bayani)
except Exception:
    pass
print("an ajiye")
```

Wannan "an ajiye" ba shaida ba ce. Za ta fito ko kaya sun shiga ko ba su shiga ba, domin kai ka rubuta ta, ba rumbu ba. Goge `pass`, ka sa `raise` a wurinsa, ko ka cire `try` ɗin baki ɗaya har ka gama bincike. Sannan bayan kowane `execute` ka buga `cur.rowcount`. Idan ka ga 1, layin ya isa kuma an karɓa. Idan ka ga 0, ya isa amma an watsar.

Akwai wani mai toshe baki da ya fi wannan iya ɓuya, shi kuma a cikin SQL ɗin yake: `INSERT IGNORE` a MySQL, `INSERT OR IGNORE` a SQLite, `ON CONFLICT DO NOTHING` a PostgreSQL. Mutane suna kwafo su don su huta da ƙorafin maimaici, sai su manta. Na MySQL ɗin ya fi illa, domin ba maimaici kaɗai yake haɗiyewa ba, yana mayar da kurakurai da dama gargaɗi kawai, ya lanƙwasa bayanin ya cusa. Cire kalmar `IGNORE`, ko ka gudu da `SHOW WARNINGS` nan take bayan shigarwar.

Masu PHP su duba sigar da suke kai. Kafin PHP 8.0, PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbu, shiru yake yi idan an yi kuskure sai ka sa `PDO::ERRMODE_EXCEPTION` da hannunka. Shi ma mysqli sai a 8.1 ya fara ɗaga murya da kansa. Idan kuma sikirif ɗin cron ne, wato manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka sa mata, ke tayar da shi cikin dare, saƙon kuskuren yana fita ne inda babu mai gani, sai ka ƙara `>> aiki.log 2>&1` a ƙarshen layin cron don ka samu abin karantawa da safe.

A nan ma ka tabbatar layin `execute` ana isa gare shi. Buga adadin layukan da aka karanto daga fayil kafin madauki ya fara. Na sha ganin an yi awa guda ana zargin rumbu, ashe fayil ɗin ne sikirif ya karanta bai samu komai ba.

Mataki na biyu: an sallama kuwa?

Idan kuskure bai fito ba, `rowcount` ya ce 1, tebur kuma wayam, to galibi a nan gizo yake saƙar.

Duk wanda ya taɓa sayayya a kasuwa ya san kaya na iya zama a hannunka, ka juya su, ka taya, amma ba naka ba ne sai mai kaya ya ce "na sallama". Idan ka tafi kafin nan, a mayar da su kan kanta. Haka rumbu yake yi. Yana buɗe ciniki, ya karɓi duk abin da ka shigar ya riƙe a gefe, kai da ka shigar kana ganinsa, wani ba ya gani. Kalmar sallamawa ita ce `COMMIT`. Kishiyarta `ROLLBACK`, wato an fasa. Idan sikirif ya ƙare ko haɗi ya yanke ba a sallama ba, rumbu yana ɗauka an fasa, ya mayar da komai yadda yake, kuma ba ya ɗaukar wannan a matsayin kuskure. Shi ya sa ba ka ganin saƙo.

Abin da ke rikita mutane shi ne idan suka shiga phpMyAdmin, tagar da ake duba MySQL da ita, suka rubuta `INSERT` da hannu, nan take yake zama, domin sabar MySQL tana sallama kowane umarni da kanta. Amma ƙa'idar Python ta haɗuwa da rumbu, PEP 249, ta ce a kashe wannan ɗabi'a tun farko. Don haka mysql-connector da PyMySQL da psycopg2 duk suna jiran ka ce `conn.commit()`, haka ma sqlite3 a tsarinsa na asali. Rubutu ɗaya, ya yi aiki a can, ya ƙi a nan.

Ga gwajin da na fi so, don ba ya buƙatar taɓa sikirif. Idan teburin yana da lamba mai hawa da kanta, shigar da layi ɗaya da hannu ka dubi lambar da aka ba shi. A shagon Kawu layin ƙarshe na 12 ne, sabon da na shigar ya samu lamba sama da ɗari biyu. InnoDB, injin da ke riƙe teburin a MySQL, ba ya mayar da lambar da ya riga ya raba ko da an fasa ciniki. Wannan giɓin shaida ce cewa layukan sun iso, an ba su lamba, sannan aka mayar da su. Yaron ya gudu da sikirif sau biyar, kowane karo arba'in. PostgreSQL ma haka yake barin giɓi. A SQLite dai gwajin ba ya aiki, don can lambar ma komawa take yi.

Gyaran layi ɗaya ne, amma duba inda ka ajiye shi:

```
for layi in layuka:
    cur.execute(sql, layi)
conn.commit()
```

A kan `conn`, wato haɗin da ke tsakanin sikirif da rumbu, ake sallamawa, kuma dole ya zama haɗin da ya haifi `cur` ɗin nan. Idan kana da wani aiki da ke buɗe sabon haɗi duk lokacin da aka kira shi, za ka iya shigarwa ta ɗaya ka sallama ta ɗaya, ka tashi a tutar babu. Duba kuma kada `commit` ya faɗa ƙarƙashin wani `if` da ba a shiga, ko bayan `return`. A Python tazara huɗu a farkon layi ta isa ta jawo wannan. Da sqlite3 ko psycopg2 za ka iya rubuta `with conn:`, shi zai sallama idan an gama lafiya, ya fasa idan an samu matsala, sai dai ba ya rufe haɗin. Mai aiki da SQLAlchemy ya tuna `session.add` da `session.flush` ba sallamawa ba ne, sai `session.commit`.

Wani zai ce, ai sikirif ɗina ya yi shekaru yana aiki babu `commit`. Duba injin teburin da `SHOW CREATE TABLE`. Tsohon inji MyISAM bai san ciniki ba, abin da aka ba shi nan take yake rubutawa. Tun daga MySQL 5.5 InnoDB ne ake ba sabon tebur. Ranar da aka koma sabuwar saba aka sake gina tebur, ranar tsohon sakaci ke fitowa fili.

PostgreSQL yana da tasa ɗabi'ar. Idan umarni ɗaya ya faɗi a tsakiyar ciniki, duk cinikin ya lalace, sauran umarnin za su riƙa dawowa da `current transaction is aborted`. Idan ka haɗiye kurakuran ka ce `commit` a ƙarshe, fasawa zai yi. Layi na 7 ya lalace, duka arba'in sun tafi.

Wani lokacin kuma an sallama, idonka ne yake kallon jiya. InnoDB a tsarinsa na asali yana nuna wa mai karatu hoton tebur yadda yake lokacin da ya fara karatu cikin cinikinsa. Idan tagar da kake dubawa da ita tana riƙe da buɗaɗɗen ciniki, za ta yi ta nuna maka tsohon hoto. Rufe ta ka sake buɗewa kafin ka yanke hukunci.

Mataki na uku: wane sito aka kai kayan?

Masu SQLite su lura da wannan. Idan ka rubuta `sqlite3.connect("kaya.db")` kuma babu fayil mai wannan suna a foldar da aka tayar da sikirif, SQLite ba ya ƙorafi, sabo fil yake ƙirƙira. Idan sikirif ɗinka yana da `CREATE TABLE IF NOT EXISTS` a sama, kamar yadda yawanci suke da shi, komai zai tafi sumul cikin fayil ɗin da ba ka san da shi ba. Foldar kuwa ba inda sikirif yake zaune ba ce, inda aka tsaya aka kira shi ce. Cron daga foldar gidan mai asusu yake farawa. Task Scheduler na Windows, idan ba ka cike gurbin foldar farawa ba, a `C:\Windows\System32` yake tsayawa. Sa sikirif ya gudu da `PRAGMA database_list` ya buga maka cikakken adireshin fayil ɗin, sannan ka bincika kwamfutar kaf da sunan `kaya.db`. Kada ka yi mamaki idan ka ga uku. Maganin shi ne ka ɗaure adireshin da wurin da sikirif yake, ta `Path(__file__).parent / "kaya.db"`.

A MySQL, gudu da wannan sau biyu, sau ɗaya daga cikin sikirif, sau ɗaya daga tagar da kake dubawa:

```
SELECT DATABASE(), @@hostname, @@port, CURRENT_USER();
```

Idan amsoshin ba su zama ɗaya ba, bincike ya ƙare. Kwamfutocin shaguna da yawa suna ɗauke da MariaDB ta XAMPP ga kuma MySQL da wani ya saka daban, kowacce da ƙofarta. Mai Docker kuma da bai haɗa wa rumbu ma'ajiya ta dindindin ba, duk ranar da ya goge kwantena ya sake tayarwa, bayanan sun bi ta.

Mataki na huɗu: abin da mai sito ya ƙi karɓa

Da muka sa `commit` a shagon Kawu, yaron ya yi hamdala, muka sake gudu. Layi shida suka shiga cikin arba'in. A nan aikin ya yi daɗi, domin matsalolin da suka rage irin namu ne, waɗanda darussan intanet ba sa ambata saboda sunayen gwajinsu ba su da irin kayanmu.

Lambar igama ita ce ta farko. Lambobi goma ce kuma da 2 take farawa. Yaron ya ba ta gurbi nau'in `INT`, wanda iyakarsa 2,147,483,647. Ka ga inda abin yake: igamar da ta fara da 20 za ta shige, wadda ta fara da 23 ko 24 ta wuce iyaka. Da babu `IGNORE` da MySQL ta ce kuskure na 1264, `Out of range value`. Da yake akwai shi, sai ta datse lambar ta mayar da ita 2147483647. Mutum na farko ya shiga da wannan lambar ƙarya, duk na bayansa suka zama maimaici a gurbin da aka ce kada a maimaita, aka watsar da su shiru. Idan ka taɓa ganin 2147483647 a teburinka, ba lambar kowa ba ce. A ganina igama da lambar waya da ta fasfo duk rubutu ne, ba lissafi ba, tun da ba wanda zai tara igama biyu. Ba su `VARCHAR`. Lambar waya ta nan mai farawa da 05 ma sifirinta faɗuwa yake a gurbin lissafi, mai 966 a gaba kuwa lambobi goma sha biyu ce.

Sai sunayenmu. Sa'idu, Asma'u, Isma'il, Rabi'atu. Wanda ya haɗa SQL ta hanyar liƙa rubutu da rubutu, alamar da ke tsakiyar sunan za ta rufe masa zance kafin lokaci, ya samu kuskure na 1064. Musa zai shiga, Sa'idu ya maƙale a ƙofa. Kada ka ce za ka bi kana goge alamar, ka ɓata wa mutane suna. Bar wa direban rumbu aikinsa:

```
sql = "INSERT INTO kaya (suna, igama) VALUES (%s, %s)"
cur.execute(sql, (suna, igama))
```

Babu alamar zance a gefen `%s`. A sqlite3 `?` ake sawa. Idan abu ɗaya kake turawa, waƙafin nan dole ne: `(suna,)`. Wannan hanyar kuma ita ce ke toshe ƙofar da ɓarayi ke bi su cusa umarninsu ta cikin fom.

Haruffa ma suna da nasu. A nan ana rubuta sunan mai kaya da Larabci yadda yake a igama, a rubuta na mai karɓa a Kano da boko mai ƙ da ɗ da ɓ. Teburin da aka gina kafin MySQL 8.0 ba tare da an zaɓi tsarin haruffa ba `latin1` yake samu, wanda bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ko dai kuskure na 1366, `Incorrect string value`, ko ka ga suna ya koma alamomin tambaya. Tsohon `utf8` na MySQL yana ɗaukar Larabci da haruffanmu masu lanƙwasa, amma ba ya ɗaukar 'yan hotunan nan na murmushi da ke biyo rubutun da aka kwafo daga WhatsApp. `utf8mb4` ake so, a tebur da kuma a haɗi. Kafin ka juya tebur da `ALTER TABLE kaya CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4`, ɗauki kwafi da `mysqldump`. Lambobin Larabci irin su ١٢٣ ma ka lura da su: `int()` na Python yana gane su, amma idan ka tura su ga MySQL a matsayin rubutu zuwa gurbin lissafi, ƙi za ta yi.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce kwanan wata. Takardu da yawa a Saudiyya da Hijiriyya suke, kuma gurbin `DATE` na MySQL yana karɓar shekara daga 1000 zuwa 9999. Don haka `1447-01-15` zai shiga ba gardama, rumbu yana zaton wata rana ce a ƙarni na goma sha biyar na Miladiyya. Wata goma sha ɗaya babu abin da zai faru. Sai Safar, wata na biyu, wanda rumbu ke ɗauka Fabrairu ne. Ran 29 da 30 ga wata sai ya ce kuskure na 1292, babu irin wannan rana. A shekarar da huɗu ke raba ta, kamar 1448, ran 29 ma za ta wuce, 30 ce kaɗai za ta maƙale. Matsalar da ke zuwa kwana biyu a shekara, wa zai kama ta? Juya kwanan zuwa Miladiyya kafin ajiya, idan kana son na Hijiriyya ka ba shi gurbin rubutu a gefe.

Sauran ƙin karɓar saƙonsu a fili yake da zarar ka bar su sun yi magana. 1062 maimaici ne. 1048 da 1364 gurbin dole ne aka bari babu komai. 1406 rubutu ya fi gurbi tsawo. 1452 kana nuni ga layin da babu shi a ɗaya teburin, misali kwali na mai kayan da ba a yi wa rajista ba tukuna. Idan kuma ka sa wa tebur suna `order` ko gurbi suna `key` ko `desc`, kalmomin rumbu ne, sauya suna ya fi sauƙi.

Mataki na biyar: izini da kulle

Kuskure na 1142 yana nufin asusun da sikirif ke shiga da shi yana iya karatu amma ba shi da izinin rubutu. `SHOW GRANTS` zai nuna maka. Ka tuna a wurin MySQL suna ɗaya daga `localhost` da suna ɗaya daga wata kwamfuta asusu biyu ne daban. SQLite kuwa yana buƙatar izinin rubutu a foldar gaba ɗaya, ba a fayil kaɗai ba, don yana buɗe ɗan fayil na wucin gadi a gefe.

`database is locked` a SQLite yawanci kai ne. Ka gyara wani abu a DB Browser ba ka danna maɓallin rubuta canji ba, ta riƙe ƙofa, Python ya jira daƙiƙa 5 ya haƙura. Takwaransa a MySQL shi ne 1205, bayan jiran daƙiƙa 50, kuma `SHOW PROCESSLIST` zai nuna maka masu haɗin da ke buɗe. Sikirif da ke kwana a kunne kuma yakan wayi gari da `MySQL server has gone away`, saboda saba tana yanke haɗin da ya yi awa 8 ba motsi. Buɗe haɗi lokacin aiki, rufe idan an gama.

Idan duk wannan bai nuna ba

Tambayi sabar da kanta abin da ta ji. A kwamfutar gwaji, da asusu mai cikakken iko:

```
SET GLOBAL log_output = 'TABLE';
SET GLOBAL general_log = 'ON';
```

Gudu da sikirif sau ɗaya, sannan ka karanta `mysql.general_log`. Duk umarnin da ya iso yana nan a jere da lokacinsa. Idan babu `INSERT` ko ɗaya, kaya ba su bar shago ba ko wata sabar suka nufa, koma mataki na farko da na uku. Idan ga `INSERT` sai `Quit` babu `commit` a tsakani, ka san gida. Idan ga su duka, kwafi umarnin yadda ya iso ka gudu da shi da hannu, ka ga abin da rumbu zai ce. Da ka gama ka kashe da `SET GLOBAL general_log = 'OFF'`, domin kundin nan cika faifai yake yi, kuma lambobin igamar mutane da wayoyinsu suna kwance a ciki tsirara.

Mun tashi daga shagon bayan isha'i, sabbin layuka arba'in cif a tebur. Abu na ƙarshe da na ƙara wa yaron shi ne sikirif ya daina cewa "an ajiye" da bakinsa. Yanzu bayan ya sallama yana buɗe sabon haɗi, ya ƙirga layukan ranar, ya buga adadin kusa da adadin da ya karanto daga Excel. Kawu ya leƙo allon ya ga 40 da 40, ya ce wa yaron gobe da safe ya fara da kwalayen da aka karɓa tun ranar Asabar.